Dogon Rumbun Kamfaninmu

Shekara uku na yi ina aikin tankifa a Riruwai, kuma har yau idan aka tambaye ni abin da na yi a cikin shekarun nan sai in ɗan sosa ƙeya. Da safe in tsaya a bakin ramin kuza da littafi da fensir, heluma, shugaban leburori, ya kira sunan lebura, lebura ya amsa, ni kuma in ɗiga masa alama. Da yamma a sake. Tsakanin safe da yamma ina zaune a inuwar rumfa, ina kallon mutane suna hawa suna sauka da kwanon sarki a ka, ina duba agogo. Idan lokacin tashi ya yi sai in ɗaga hannu a buga guntun ƙarfen da aka rataye a jikin bishiya. Ko ƙarfen ma ba ni nake bugawa ba, akwai mai bugawa.

A ƙauyenmu, can wajen Kiru, babban mutum ne ni. Ina da gajeren wando na kaki, da doguwar safa, da takalmi mai ƙara. Inna kan gaya wa maƙwabta cewa Bature da kansa ba ya tashi daga aiki sai ɗanta ya ɗaga hannu, ni kuwa ban taɓa gyara mata zancen ba. Amma a raina aikin ya ishe ni. Lebura, duk wahalarsa, idan yamma ta yi zai iya nuna rami ya ce mu muka haƙa wannan. Ni ba ni da abin nunawa sai fensir da ya ƙara gajarta.

Babana maginin rumbun ƙasa ne. Daga Kiru har Bebeji da wuya ka wuce ƙauye uku ba ka ga aikinsa ba. Ina ƙarami, idan muna tafiya, yakan nuna wani rumbu da haɓa ya ce, wancan nawa ne, shekarar da aka haifi ƙanwarka. A lokacin ba na ko ɗaga kai, don na tsani sana'ar. Rabona a cikinta shi ne taka ƙasa da ciyawa har ƙafata ta tsage, shi ya sa ranar da aka kama ni zuwa elementare Inna tana kuka, ni ina murna a ɓoye. Sai ga shi a Riruwai, a inuwar rumfa, babu abin da nake tunawa kamar wannan nunin da haɓa.

Daga nan tunanin kamfani ya shige ni. Na zauna na ƙare wa kamfanin da nake yi wa aiki kallo, na ga ba wani sihiri ba ne. Allo ne a bakin hanya, da mutum ɗaya mai ba da umarni, da hannaye masu yawa, da ƙarfe da ake bugawa. Na ce idan da wannan ake tone dutse, ai da shi za a iya cika ƙasar Kano da rumbuna. Baba ya zama babban magini, a ɗauki masu taka ƙasa, ni in zama manaja. Ka lura, ko a mafarkin nawa ban sa kaina cikin taɓo ba.

Na yi watanni ina juya maganar. Idan na tuna ranar albashi sai in ce haukan me ke damuna, idan na koma rumfa sai in ce gara haukan. Na nemi shawarar wani tsohon akawu, ya dube ni sama da ƙasa ya ce in je a yi mini rubutu in sha. A ƙarshe na nemi hutun sati biyu bayan kaka. Aka ba ni, aka kuma tuna mini doka: wanda ya ƙara kwana ɗaya a kan hutunsa, fensirinsa ya zama na wani, kuma masu jiran fensirin suna da yawa. Na ce wa kaina a cikin sati biyun nan zan san ko zan dawo ko ba zan dawo ba.

Da na sauka a mota a Tudun Wada, na sa wani mai fenti ya rubuta mini allon kamfani a kan murfin akwati, har da hoton rumbu. Hoton ya fi kama da tulun da aka sa wa malafa, amma ban damu ba. Mutum na farko da na nuna wa shi ne taubashina, ɗan gwaggona, wanda yake da jakai uku da baki mai kaifi. Tsakaninmu wasa ne tun muna yara, babu abin da ba ya gaya mini, babu kuma wanda zai ce ya yi laifi. Ya juya allon ƙasa a sama, don bai iya karatun boko ba, ya ce ya yi kyau ƙwarai, za a iya rufe akurki da shi. Na naɗa shi shugaban sufuri. Daga ranar ya daina kirana da komai sai Manaja, har jakansa yakan ce su gai da Manaja.

Baba ne aikin. Ni ne ɗan fari, don haka ba ya kiran sunana, ba ya kallon idona, maganarmu ba ta wuce ta gaisuwa. Na same shi a zaure bayan la'asar, na durƙusa, na zuba masa bayani ina kallon tabarma, shi yana kallon ƙofa. Na yi maganar ma'aikata, da lokaci, da yadda suna zai kai har Zariya. Da na gama sai ya tambayi ƙofar zauren, "Shi kamfanin ne zai taka ƙasar, ko ku?" Na ce za a ɗauki mutane. Ya ce to, sai mun gani. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, kuma na san in babu sunansa babu kamfani, don ba wanda zai ba mai doguwar safa ginin rumbu.

A kwanakin farko na zaga ƙauyuka ina duba kasuwata, sai na lura da wani abu. Rumbunan da Baba ya gina ina yaro dogaye ne, sai ka ɗaga kai kafin ka ga bakinsu. Na 'yan shekarun nan kuwa duk gajeru ne masu faɗin ciki, kamar an danna su an zaunar. Na tambayi taubashina, ya ce Baba yana gaya wa mutane gajere ya fi jure iskar bazara. Na yi dariya. Na ce wannan ita ce matsalar sana'ar da ba ta da manaja, babu mai hangen nesa. Rumbun da ba a hango shi daga hanya, wa zai tambayi wanda ya gina shi?

Ranar kasuwa a Kwanar Dangora muka samu ciniki na farko. Wani dattijon Bafulatani ne da ya daɗe da zama wuri ɗaya, yana kiwo yana noma, har dawarsa ta fi ƙarfin rumbun kara. Gara ta ci rabi, awaki sun ja rabi, yana son na ƙasa. Muna kiransa Baffa. Tun kafin ya rufe baki na karɓe zancen. A gaban masu sayar da goro da duk wanda ya tsaya jin ƙwaƙwaf, na yi masa alkawari da sunan Baba cewa za a gina masa dogo irin na da, wanda mai tafiya a mota zai hango. Baffa ya ce madalla, shi ma dogon yake so. Na dawo gida ina ji kamar na sayi lori.

Na gaya wa Baba yana wanke hannu. Ya tsaya da butar a karkace, ruwa yana zuba a ƙasa. Ya ce, "A gaban mutane ka faɗa?" Na ce a gaban mutane. Ya ajiye butar ya ce to. Ni a wautata na ɗauka wannan to ɗin amincewa ce da kamfani.

Muka fara aiki washegari, saura kwana goma sha ɗaya hutuna ya ƙare. Na kafa allo a bakin gidan Baffa, inda babu mai wucewa sai shanu. Na rataye tsohuwar garma a jikin ɗorawa, na sanar cewa da ita za a riƙa farawa, da ita za a tashi. Ranar farko na buga ta da ƙarfi, ba wanda ya motsa sai wata saniya da ta zo ta ga ko dusa ce. Baba yana zaune yana murza ƙasa a tafin hannu, ya ce ba ta kwana sosai ba, a ƙara mata ruwa a jira. Muka jira har hantsi ya dubi ludayi. Da na buga garmar tashi kuwa, lokacin ne ya ce ƙasa ta yi daidai, kada wanda ya motsa.

Ma'aikatan da zan ɗauka ba su samu ba, don kowa yana sussuka. Taubashina yana jigilar ƙasa da ruwa da jakansa, Baba yana gini, saura mai takawa. Suka dube ni su biyu. Na cire takalmi, na cire safa na ninke ta na ɗora a reshe, na shiga. Taubashina ya cire hula ya ce bai taɓa ganin kamfanin da manajansa yake da farar ƙafa irin ta amarya ba.

Rumbun ƙasa ba ya son gaggawa. A jera duwatsu a ɗora gindi a kansu saboda gara da laima, sannan a riƙa ɗora ƙasa zagaye bayan zagaye, kowane zagaye sai ya sha iska ya yi ƙarfi kafin a ɗora masa wani. Kwana uku ina taka ƙasa ina miƙa curi. A rana ta huɗu Baba ya matsa gefe, ya bar mini wuri a jikin ginin. Na ɗora, ya rushe. Na sake, ya rushe. Na uku ya shafa da bayan hannu ya wuce. Da yamma muna tafiya na waiwaya, na ga wurin da hannuna ya taɓa yana nan a tsaye, rana tana dukansa. Daɗin da na ji ban taɓa jin irinsa a Riruwai ba, ko ranar albashi. Na yi ta waiwaye har na yi tuntuɓe da kututture.

Duk da haka ban yanke shawara ba. Bayana yana ciwo, tafin hannuna ya yi kanta, kuma na fara gane cewa kamfanin da magini ɗaya ne, ginin kuma ba ya jin garma, ba zai cika ko gundumar Kiru da rumbuna ba, balle ƙasar Kano. Kullum da safe na fi karkata ga komawa, da yamma na fi karkata ga zama. Rumbu kuwa yana ta tashi. Ya wuce kaina, ya wuce kan mai tsayuwa a kan jaki, ya fara tsukewa wajen wuya. Baffa yakan kawo baƙi su gani, ni kuma in tsaya kusa da allo ina amsa gaisuwa.

Ranar ƙarshe ta zo daidai da jajiberen komawata. Abin da ya rage shi ne yaɓen ciki, kuma wannan aikin, magini ne da kansa yake yi, ba ya ba kowa. Bakin rumbu bai gama bushewa ba, ba a jingina masa nauyi. Don haka ake kafa gwafa biyu dogaye, a gicciya itace a samansa, a ɗaura igiya. Magini ya hau tsani ya kama igiyar ya sauka ciki, idan ya gama ya hauro da ƙarfin damtsensa. A gajeren rumbu ba a bukatar wannan duka, turmi ake kifawa a ciki mutum ya taka ya fito. Baba ya ɗaure wandonsa, ya hau, ya sauka, muka riƙa zura masa ƙasa a ƙwarya.

Baffa ya tara mutane kamar ana suna. An shimfiɗa tabarmi a gindin ɗorawa, an kawo fura da nono a manyan ƙore, maƙwabta sun zo, har da wani magini daga wani ƙauye da ya ce wucewa yake yi. Bayan azahar Baba ya daina neman ƙasa. Muka jira ya fito. Ina kallon igiyar, na ga ta miƙe ta yi tauri, itacen ya ɗan lanƙwasa, sai kuma ta saki. Can ta sake miƙewa, ta sake saki. A karo na uku ta daɗe a miƙe tana rawa, sannan na ji wani ƙaramin motsi a ciki, irin na buhun da aka ajiye.

Na hau tsani na leƙa. Da idona ya saba da duhun sai na gan shi a zaune, ya jingina da bango, hannayensa a kan gwiwa. Bai ɗago kai ba. A hankali ya ce, "Akwai wurin da bai yi ba tukuna. Ku ci furarku." Na dubi bangon, sumul yake ko'ina, babu wurin da bai yi ba.

A kan tsanin nan na gane gajerun rumbunan. Ba iskar bazara ba ce. Shekaru ke nan damtsen Baba ya daina ɗaukarsa, ya rage wa aikinsa tsawo a hankali yadda ba wanda zai lura, ni kuma na zo da allona na yi alkawari da sunansa a tsakiyar kasuwa. Kunya ta rufe ni, ga tsoro. Fito da shi ba wuya, mutum uku su ja igiya ya isa. Amma maginin da aka jawo daga rumbunsa kamar guga, a gaban wani magini, kafin kasuwa ta sake ci labarin ya kai Bebeji, kuma daga ranar ba mai sake kiransa aiki.

Na juya na dubi jama'a, na gyara murya irin ta rumfar Riruwai. Na ce dokar kamfani ce, ba a miƙa rumbu ga mai shi sai manaja ya shiga ya duba ciki da idonsa. Aka kwashe da dariya. Taubashina ya ce a bar shi ya shiga, in Allah ya so a rufe da shi a huta. Na kama igiya na zurma, ta goge mini tafin hannu kamar wuta.

A ciki akwai sanyi da ƙanshin ɗanyar ƙasa. Ban san yadda ɗan fari yake gaya wa ubansa irin wannan magana ba, don ba a taɓa koya mini ba. Sai na ce, "Baba, igiyar nan santsi gare ta, ba ta da kyau." Ya ce, "Na lura." Na durƙusa a ƙarƙashin bakin rumbun na dafa ƙasa. Na daɗe a haka. Can na ji ƙafarsa mai sanyi a kafaɗata ta dama, sannan ta hagu. Na miƙe a hankali, na shirya ɗaukar mutumin da yake saɓa ni da hannu ɗaya ina yaro, sai na ji bai kai damin dawa nauyi ba. Hawaye suka zo mini, na gode Allah da duhun.

Ya kama itacen, ya fita, na ji jama'a suna yi masa sannu da aiki. Ni kuwa fitowata ta zama abin kallo. Sau biyu ina zamewa, na uku na fito ina haki, idanu waje, kowa yana riƙe da ciki. Wancan maginin ya ce dubi tsoho ya fito kamar ƙadangare, yaro yana neman mutuwa. Ban taɓa jin daɗin dariyar da aka yi mini kamar ta ranar ba.

Da na sauko, taubashina ya zo ta bayana zai ci gaba da tsiya, sai na ji ya yi tsit. Sawun ƙafa biyu ne na taɓo a kafaɗun rigata ta kaki, har yatsu ana iya gani. Ban san suna nan ba sai daga baya da ya gaya mini. Abin da na sani shi ne, kafin in juya ya dumbuzo ragowar ƙasar yaɓe da hannu biyu ya shafe mini baya tun daga wuya har ƙugu, yana cewa yau an yi wa Manaja wankan sarauta. Na bi shi da gudu muka zaga rumbu sau biyu. Baffa, wanda yake tsaye daf da tsani tun farko, ya juya yana kallon shanunsa, bai juyo ba sai da aka gama.

A hanyar gida taubashina ya tsayar da jaki ɗaya ya ce ƙafarsa ta saba da kaya, in babu nauyi ba ya tafiya daidai, ko Baba zai taimaka. Baba, wanda ban taɓa ganinsa a kan jaki ba, ya hau. Ni dai na riga na san babu kamfani, babu masu taka ƙasa da za a ɗauka, babu suna a Zariya. Akwai tsoho mai ido da ilimi, akwai ni mai kafaɗa, kuma abin ya ishe ni.

Mun kusa gari Baba ya tambayi kunnen jakin ko motar Riruwai da safe take tashi. Na ce da safe take tashi, Allah ya kai ta lafiya. Muka ci gaba da tafiya har muka wuce rijiya.

Sannan ya ce, "Akwai mutum biyu a Bebeji da suka nemi dogo bara, na ce musu gajere ya fi. Jibi ka je ka gaya musu na sake shawara."